Akun Yayana a Gidan Banda

A shekarar da kogi ya cika ya shiga unguwannin Gashua, har mutane suka kwashe kayansu suka koma zama a makarantu, a shekarar ne yayana ya rasu. Ba ruwan ne ya ci shi ba. Ciwon ƙoda ne da ya daɗe yana cin sa a hankali. Ya ga shigowar ruwan, ya ga janyewarsa, sannan ya tafi. A lokacin ban fara zuwa ajin manya na koyon karatu ba, saboda haka ba da lamba nake riƙe shekaru ba, da abin da ya faru a cikinsu nake riƙe su. Wannan a wurina ita ce shekarar ruwa, kuma shekarar aku.

Mu biyu kaɗai uwarmu ta bari. Shi tela ne, ya zauna Gashua. Ni na koma Nguru ina bandar kifi. Tun kafin ya yi aure wani direba mai kai kifi kudu ya kawo masa aku, ruwan toka mai jan wutsiya, a madadin ɗinkin da ya yi masa. A shago akun ya girma, cikin keji da ake ratayewa a bakin ƙofa, ƙarƙashin bishiyar maina, wato dogon yaro. Ya iya ƙarar keken ɗinki, ya iya ƙarar almakashi. In mutum ya doso shagon sai ya ce, "Shigo daga ciki." In mutumin ya tambayi kayansa, kafin yayana ya buɗe baki akun ya riga shi: "Sai gobe in sha Allah." Duka da muryar yayana yake faɗar su, har da ɗan kakin da yake yi kafin ya fara magana.

Ni ma ina da tawa. Duk ranar da na je Gashua, tun daga nesa yayana zai toshe hanci ya ce, "A buɗe taga, mai banda ya iso!" Akun ya ɗauka. Wata rana ma yayan ba ya nan, amma ina karyo kwana na ji ana yi mini shela, maƙwabta na dariya. Ban da wannan babu abin da ke tsakanina da tsuntsun. Bai taɓa so na ba. In na miƙa masa gyaɗa sai ya bar gyaɗar ya nemi yatsana.

Bayan sadakar uku na koma Nguru, domin ruwan da ya ɓata wa mutane gidaje shi ne kuma ya cika fadamu da kifi. Ban taɓa ganin tarwaɗa irin ta wannan shekara ba. Ina cikin wannan aiki, wata rana da hantsi, matar yayana ta kira ni a waya. Tana cikin takaba a lokacin.

Ta ce, "Baba Ƙarami, ka zo ka ɗauke tsuntsun nan." Haka 'ya'yanta suke kirana, ita ma haka take kirana.

Na ce, "Maman yara, lafiya? Ba ya cin abinci ne?"

Ta ce, "Ni ce ba na cin abinci. Ka zo dai."

Washegari na shiga motar Gashua. An rufe shagon, an shigo da kejin cikin gida an ajiye a gindin bango. Da na leƙa ban gane shi ba. Ya tsige gashin ƙirjinsa duka, fata a waje kamar ta kazar da aka fige, ga jini-jini inda ya ciji kansa. Jan wutsiyar ma saura kaɗan. Na tsaya a gabansa ina jira ya tsokane ni. Ya kalle ni da ido ɗaya, bai ce komai ba.

Muna gaisawa da matar yayana, tana daga cikin ɗaki ina daga bakin ƙofa, sai na ji nishi a bayana. Nishin mutum ne wanda ciwo ya kai wa ko'ina, irin wanda ake ja daga ciki a sake shi a hankali. Bayan nishin sai murya ta ce, "Wayyo Allah. Ke, ɗago ni." Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar yayana ce, ta watanninsa na ƙarshe.

Ta ce, "Ka ji ko? Da ciwon ya kwantar da shi, cewa ya yi a kawo masa tsuntsun kusa da ɗaki ya riƙa jin motsinsa. To ga abin da ya koya. Da safe wannan, da rana wannan. Sai na ajiye tsintsiya na ruga ɗaki, in tarar da katifa a naɗe. Ƙaramar yarinyar nan kuwa kullum sai ta tambaye ni inda Baba ya ɓuya. Ni na yi jinyarsa, na gama. Ba zan iya sake wata ba."



Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, shi ke riƙe da maganar abin da mamacin ya bari. Na same shi a zaurensa. Tsoho ne mai tsoron Allah, mai tsoron dukiyar maraya fiye da wuta. Ya ce mini aku ba kyanwa ba ne da za a ce wa wani ɗauka ka tafi. Dukiya ce kamar keken ɗinkin, kuma ta yara ce, ni ba ni da ko gashi ɗaya a ciki. Ya ce akwai wani mai maganin gargajiya da ke baza kaya a kasuwa, ya riga ya zo ya gani, ya yi tayi mai kyau.

Na ce, "Kawu, me zai yi da shi?"

Ya ce, "Kai ma ka sani. Jan gashin suke so, da kan."

Na ce, "Yanka shi zai yi ke nan."

Ya ce, "Ɗana, ni ma na san muryar da ke bakin tsuntsun nan. A hannuna uwarku ta bar ku. Amma matar nan za ta zauce, shi kuma yana cin kansa. In ya mutu a keji yara sun yi asara, ni za a tambaya gobe kiyama. In kana so, ka ba su abin da ya kai tayin mutumin. Ranar kasuwa mai zuwa zai dawo. In ka riga shi, naka ne."

A mota ina komawa Nguru na fara lissafin abin da ya fi tayin mai magani wuya. Ina da rago da nake turka wa layya, zai iya tsayawa a madadin tsuntsun. Matsalar gidana ce. A tsakar gidana nake banda. Murhu biyu ne na rabin durom da raga a kai, kuma tun daga safe har faɗuwar rana hayaƙi ne ke tashi. Bangonmu baƙi ne, kayan sawarmu duk warin kifi. Abu ɗaya kuwa da na tabbatar game da aku shi ne abin da yayana ya sha faɗa: hayaƙi ke kashe shi. Ko shara maƙwabta suka cinna wa wuta, sai ya sauke kejin ya shige da shi can ƙuryar shago. Mai shan taba bai isa ya tsaya masa a bakin ƙofa ba.

Da na isa gida na tarar da mai ɗakina zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tana lanƙwasa tarwaɗa tana sokewa da tsinke. Rabin aikin bandar nan nata ne. Ita ke wankewa, ita ke juya kifi a kan raga, kuma tana da nata ɗan kason da take sayar wa matan unguwa. Da shi take yi wa kanta da yara hidima ba tare da ta tambaye ni ba. Na zauna na gaya mata komai.

Ta ce, "To, Allah ya ji ƙan Yaya. Sai me?"

Na ce, "Ina so in kawo shi."

"Nan?"

"Nan."

Ta nuna murhun da tsinken hannunta. "Ka ce hayaƙi ke kashe shi. Ko bandarsa za mu yi mu sa a kwali?"

Na ce sai dai mu fitar da murhun, in koma bayan gari inda masu banda ke haɗuwa, in nemi wuri a can.

Ta ajiye kifin. Ta ce, "Malam, dube ni. Ni zan bi ka bayan gari in zauna cikin maza? A shekarar da kifi ya zo har ƙofa, a ita za ka kashe mini wuta? Saboda tsuntsun da ko gaisuwa ba ya yi maka sai cizo?"

Na ce, "Muryarsa ce a ciki."

Ta ce, "Muryar ciwonsa ce. Matarsa ta kasa ji, ni ce zan iya?"

Gaskiya ta faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina juya kifi ina ƙona shi. Na bi duk wanda nake zaton zai karɓi tsuntsun ya riƙe shi da rai. Wani abokina mai kiwon tantabaru ya ce shi bai san kan aku ba. Wani mai hali da na je wa ya ce yana so, amma da na faɗa masa ƙirjin a fige yake sai ya ce a bari gashin ya fito tukuna. Daga ƙarshe na je wurin wani mutumin kudu, Kirista, mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa. Ya daɗe a Nguru, Hausa a bakinsa kamar tamu, kuma na taɓa jin ya ce a garinsu aku a dawa yake yawo.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Mai kifi, babban aku ba kamar ɗan tsako ba ne. Mutum ɗaya yake zaɓa. Nasa ya mutu, shi ya sa yake cire riga. Zai iya zaɓen wani, zai iya ƙi har ya mutu. Kuma in ya rayu, yana iya binne ka. Ka shirya ciyar da wanda ba ya son ka har tsufanka?"

Na ce, "Kai ka karɓe shi mana. Ka fi ni sanin sa."

Ya yi dariya ya nuna shagonsa, ga janareto na ta zuba hayaƙi a bakin ƙofa, ga babura ana tayarwa. Ya ce, "Nan da gidanka wanne ya fi? Ni kuma ƙarshen shekara gida nake tafiya. Wa zan bar wa?" Sannan ya ce in na ɗauka in riƙa ba shi ayaba da gwaiba, kada in tsaya kan gyaɗa kawai, in kuma ajiye shi inda mutane ke hira, domin shiru ke sa shi cizon kansa.

Na fita daga shagon ba ni da sauran wurin zuwa. Na zauna a kan wani benci kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa har la'asar ta wuce. In na ce a bar wa mai magani, sai in ga wuƙa a wuyan abin da ke cewa "shigo daga ciki". In na ce in ɗauko, sai in ga mai ɗakina zaune babu aikin yi, da yarana, da wannan nishin a tsakar gidana kowace safiya. Yayana bai bar hoto mai motsi ba, bai bar muryarsa a waya ba, domin ƙaramar waya yake riƙewa. Har na fara manta yadda dariyarsa take. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin maƙogwaron tsuntsun da ke tsige kansa.

Ranar kasuwar Gashua na tashi da safe ban yanke komai ba. Na ce wa mai ɗakina zan je in ga yadda za a ƙare. Ta dubi ragon da ke ɗaure, ta dube ni, ta ce, "In za ka tafi da shi ka tafi da shi. Kada ka je can ka dawo kana yi mini zaman makoki na biyu." Ban ɗauki ragon ba. Na tafi hannu sake.

Na tarar mai maganin ya riga ni. Yana tsugune gaban kejin a zauren gidan yayana, kawu na tsaye a kansa. Ba mugun mutum ba ne a fuska. Ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya da kyau. Sai ya naɗe hannunsa da tsumma, ya buɗe kejin ya kamo akun, ya juya shi ya baje wutsiyar da yatsa.

Ya ce wa kawu, "Baba, ai ya rage. Wancan zuwan jan ya fi haka. In aka ƙara mako ba abin da zan samu sai kai."

Akun bai yi ƙara ba, bai yi cizo ba. Ni da na san yadda yake kai wa yatsa hari, wannan shirun ne ya fi tsorata ni. Mutumin ya jawo wani ƙaramin buhu da ƙafarsa. Daga cikin tsumman sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa: "Ke, ɗago ni."

Kawu ya juya fuskarsa bango. Daga cikin gida na ji an saki kwano a ƙasa.

Na ce, "Mayar da shi."

Mai maganin ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Mayar da shi keji, malam. Kawu, ragona na yara ne. Gobe zan aiko shi a mota, ka sa a kai kasuwa. In bai kai ba zan cika."

Mai maganin ya mayar da shi ba gardama. Yana karkaɗe tsummansa ya ce, "Allah ya sa ka iya. Amma in ya mutu a hannunka kada ka jefar, ka neme ni."

Matar yayana ta aiko da wani tsohon zane aka lulluɓe kejin. Daga bayan labule ta ce, "Baba Ƙarami, kada ka ga laifina." Na ce babu laifin kowa. Na rungume kejin a cinyata tun daga Gashua har Nguru, ina roƙon direba ya bar gilashi a buɗe, fasinjoji na tambaya ko kaza ce ba ta da lafiya.

Kafin in shiga da shi gida sai da na kashe wuta. Na ajiye shi a zauren maƙwabcina, na kira masu tura kura suka fitar da murhun biyu zuwa bayan gari. Mai ɗakina ta tsaya ta harɗe hannu tana kallo. Mun share toka, mun yayyafa ruwa, sannan na shigo da kejin na rataye a reshen zogalen da ke tsakar gida.

Bayan gari ba kamar gida ba ne. Wurin da na samu a ƙarshen layi yake, masu saye sun gama cika kwalayensu kafin su iso kaina. Babu mai taya ni juyawa, kifi ya riƙa ƙonewa ta gefe ɗaya. Murhu ɗaya ma an sace ragarsa. Matan unguwa da ke sayen kifin mai ɗakina suka koma wani gida. Ita kuma ta daina yi mini magana sai ta dole. Akun yana nan yadda yake. Da safe ya yi nishi, yarana su tsaya cirko-cirko. Na kawo ayaba, ya watsar. Na zauna ina yi masa hira kamar yadda aka ce, ya juya mini baya. Ya cije ni a babban yatsa har sai da na ɗaure da tsumma. Sau da yawa a hanyar dawowa daga bayan gari nakan ce a raina na kashe gidana a banza, tsuntsun ma mutuwa zai yi.

Abin da ban sani ba shi ne, in na fita, su biyu ke ragewa a gidan, ita da shi, kuma dukansu ba su da abin yi. Daga baya ta gaya mini faɗa ta fara yi masa. Tana tsintar shinkafa a gindin zogalen tana ce masa, "Kai ne ka kashe mini wuta, mai ƙirjin kaza. Ka ji daɗi." Shi kuma ya karkato kai yana saurare. Kullum haka. Wata rana tana cin rake ta miƙa masa guntu don tsokana, sai ya karɓa da ƙafa.

Na dawo wata la'asar na tarar kejin a buɗe, akun a kan kafaɗarta yana jan bakin ɗankwalinta.

Na ce, "Ke! Zai cire miki kunne."

Ta ce, "Kai yake cizo. Mu ba ma wari."

Ranar ce ta fara yi mini dariya tun da aka fitar da murhu. Daga nan ƙananan gashi suka fara tsirowa a ƙirjinsa, kamar ƙaya. Nishin ya ragu. Ƙarar keken ɗinki ta dawo, har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko mun sayi keke. Wata rana ɗana ya tambayi uwarsa yaushe za a saya masa takalmi, daga kan zogale aka ce, "Sai gobe in sha Allah." Har ƙasa mai ɗakina ta zauna don dariya.

Tawa kuwa ta zo ne ranar da ban zata ba. Na shigo da yamma, baƙi ƙirin da hayaƙi, ga gajiya, ga kifin da bai sayu ba a kaina. Ina sa ƙafa a tsakar gida na ji ɗan kakin nan, sannan da ƙarfi: "A buɗe taga, mai banda ya iso!" Na sauke kwandon a hankali. Na zauna a bakin rijiya, na rufe fuskata da hula. Yara suna ta dariya, uwarsu ta kore su waje. Sau ɗaya ya faɗa mini ita a gidana.

Da sanyi ya shigo, mai ɗakina ta ce ba za ta bar shi a waje ba, gashin ƙirjin bai gama rufewa ba. Ta mayar da kejin ɗakinta, kusa da gado. Na ga daidai ne.

Mai ɗakina Bamangiya ce, 'yar wata ƙabila ta yankinmu, kuma duk wanda ya san matan wajenmu ya san su da turaren wuta. Uwarta ma haɗa shi take yi. Amma tun da na aure ta ba ta taɓa jin daɗin nata ba, domin ko ta turara ɗaki, kafin a jima warin banda ya cinye. Yanzu da wuta ta bar gidan, ta wanke labule, ta shafe bango, ta aika gidansu aka kawo mata kwalba mai kyau. Wata Juma'a 'yan'uwanta za su zo mata wuni. Da hantsi ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kai ta shimfiɗa zannuwanta. Sannan ta yi abin da kowace mace take yi don ƙamshi ya kama ɗaki: ta rufe taga, ta saki labule, ta jawo ƙofa.

Ina gida a lokacin, ina shirin masallaci. Na ji ƙamshin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, na ce mata, "Yau kam gidan nan ya zama gidan mutane." Ta ce, "Da gidan kifi ne." Mu biyu muna tsaye a tsakar gida, mun fitar da murhu biyu saboda hayaƙi, kuma babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da ke cikin ɗakin nan hayaƙi ne. A wurinmu hayaƙi shi ne na itace da na shara da na banda, abin da ke sa tari. Turare kuwa abin da ake tarar baƙo da shi ne, ana turara jariri da shi, ana turara amarya. Yayana bai taɓa ambatarsa ba, domin a shago tsuntsun ya yi rayuwarsa, bai taɓa kwana ɗakin mace ba. Lokacin da aka shigar da shi gida kuma, gidan jinya ne, daga baya na takaba, ba mai kunna turare.

Da na dawo daga masallaci tun daga zaure na ji kukanta. Na tarar da ita a tsakar gida, 'yan'uwanta sun kewaye ta, akun a cinyarta. Bakinsa a buɗe, wutsiyarsa na sama da ƙasa da kowane numfashi. Ta ce da ta buɗe ɗakin a ƙasan keji ta same shi. An buɗe taga, an buɗe ƙofa, an fitar da kaskon. Na karɓe shi, karo na farko da ya yarda na riƙe shi bai cije ni ba. Na yi ta yi masa fifita da hulata. Na tura aka kira mutumin kudu, ya bar shagonsa ya zo a kan babur. Ya duba, ya shaƙi iskar ɗakin, ya girgiza kai. Ya ce a bar shi a iska kawai, babu wani abin da za a yi.

Mai ɗakina tana ta cewa, "Don shi ma na yi. Na ce ɗakin da yake kwana ya yi ƙamshi."

Na ce, "Na sani. Ni ma ina nan."

Bai kai la'asar ba. Bai yi wata magana ba, ko ta yayana ko tasa.

Wata daga cikin baƙin ta ce a cire jan gashin tukuna, ana nema. Mai ɗakina ta ɗago ta kalle ta, matar ta kau da kai. Na haƙa rami a gindin zogalen, muka naɗe shi da zanen da aka lulluɓo kejinsa daga Gashua, da wutsiyarsa da kansa, muka rufe.

Sai da takabar matar yayana ta ƙare na je na gaya mata baki da baki. Ta tambaye ni ko ya daina nishin kafin ya mutu. Na ce ya kusa dainawa, har ya koma cewa sai gobe in sha Allah. Ta yi murmushi ta share ido, ta ce to madalla.

Na mayar da murhu ɗaya gida, amma kafin nan ruwa ya ja baya, kifin shekarar ya wuce. Mai ɗakina ba ta ƙara buɗe kwalbar nan ba, ta ba wa ƙanwarta.

Abin da ya tafi a wannan shekara shi ne rago ɗaya, da murhu ɗaya, da kakar kifin da ban sake ganin irinta ba, da masu sayen kifin mai ɗakina, da kwalbar turare ɗaya, da aku ɗaya, da muryar yayana.